Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Aaron Boone, kocin ƙungiyar besbol ta New York Yankees, kan yadda yake juya masu jifa

Ranka ya daɗe Koci,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Na dakata sai da zafin fitar da mu da Toronto ta yi ya ɗan huce kafin na zauna rubutun nan, don kada a ce fushi ne ya yi magana. Ranar 8 ga Oktoban 2025 suka doke mu da ci 5 da 2 a cikin gidanmu, suka rufe mana kaka. Zuwa ranar nan kaka 8 ke nan kana riƙe da ƙungiyar nan, kofin World Series, wasannin ƙarshe na fitar da zakaran besbol, kuwa rabonmu da shi tun 2009, zamanin Joe Girardi. Ni ɗaya ne daga cikin mutanen Afirka ta Yamma da suka zauna a Bronx har besbol ya shiga jininsu, waɗanda jirgin ƙasa mai lamba 4 ke ratsawa da su ta gefen filin wasa safe da yamma. Da Hausa na rubuta domin abokan gardamata su ne za su fara karantawa, kuma na san a gari kamar New York ba za ka rasa mai fassara maka ba.

Magana ɗaya ce ta kawo ni, maganar bulfen, wato masu jifa 'yan ko-ta-kwana da wurin da suke ɗumama hannu. Ina nufin yadda kake zaɓen wanda za ka sauke daga tudun jifa, da wanda za ka kira daga cikin 'yan ko-ta-kwana ya karɓe shi, da lokacin da kake yin hakan. Ba zan ɗora maka kayan da ba naka ba. A zagaye na 5 (wasan besbol zagaye 9 ne, sai in an yi kunnen doki a ƙara) na wasa na 5 na World Series da Los Angeles Dodgers a 2024, muna gaba da ci 5 da nema, ba kai ka saki ƙwallon da ta faɗo cikin safar Aaron Judge ba. Ba kai ka yi mummunar jifar da Anthony Volpe ya yi zuwa tasha ta uku ba (tashoshi su ne wuraren da mai gudu ke bi kafin ya dawo gida ya ci maki), kuma ba kai ka tsaya kana nuni da hannu maimakon ka ruga tasha ta farko kamar yadda mai jifa Gerrit Cole ya yi ba. Na kuma san rabin abin da muke yi a rediyon wasanni da teburin mai shayi ihu ne bayan hari. In ka cire mutum aka ci wanda ya gaje shi, mu ce ka yi gaggawa. In ka bar shi aka ci shi, mu ce gyangyaɗi kake yi. Saboda haka zan tsaya ne a kan shawarwarin da tun kafin a jefa ƙwallo mai kallo ya riƙe baki.

Babba a cikinsu ita ce ta daren 25 ga Oktoban 2024 a Los Angeles, wasan farko na World Series. A zagaye na 10 Jazz Chisholm ya yi bugu ya shiga, ya saci tasha ta biyu, ya saci ta uku, Volpe ya turo shi gida. Muka shiga gaba da 3 da 2, saura mu fitar da mutum uku mu tafi da wasan. Ka sa Jake Cousins. Ya fitar da Will Smith, sannan ya ba Gavin Lux tasha kyauta, Tommy Edman ya buga wata da ta kuɓuce wa Oswaldo Cabrera a tsakar fili. Mutum biyu a kan tasha, ɗaya a waje, ga Shohei Ohtani tafe, bayansa Mookie Betts, bayansa Freddie Freeman. Bahago, na dama, bahago. Tun 2020 doka ta ce duk wanda ya hau tudun nan sai ya fuskanci mutum uku ko ya kammala zagayen, don haka wanda za ka kira shi zai ɗauki nauyin ukun nan duka in abin ya ja.

Bahagwai biyu ke ɗumama hannu a bulfen a lokacin: Tim Hill da Nestor Cortes. Hill aikinsa ke nan. Mutum ne mai jifa ta gefe, hannunsa kamar zai shafi ƙasa, ƙwallonsa na nutsewa har mai bugu ya tura ta ƙasa dole. White Sox, ƙungiyar da ta sha kashi sau 121 a shekarar, ita ta sallame shi a watan Yuni, ku kuka tsince shi, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda kake jingina da su har kuka wuce Kansas City da Cleveland. Cortes kuwa mai buɗe wasa ne, ba ɗan bulfen ba. Rabonsa da jifa a wasan gaske tun 18 ga Satumba, kwana 37, saboda ciwon jijiya a gwiwar hannun da yake jifa da shi. Shi da bakinsa ya ce in zai samu zoben zakara, ko zai yi shekara yana jinya ya yarda. Wannan magana ta namiji ce, kuma babu wanda ya raina shi a kanta. Amma ita kanta maganar ta isa ta gaya maka hannun bai warke ba.

Ka ɗaga hannun hagu, Cortes ya fito.

Jifa biyu ya yi. Ta farko Ohtani ya ɗaga ta gefen hagu, Alex Verdugo ya bi ta ya cafke, ya wuntsila cikin 'yan kallo. Don ya faɗa wajen fili da ƙwallo a hannu, alƙalai suka ƙara wa masu gudu tasha ɗaiɗai, tasha ta farko ta zama babu kowa. Ka ɗaga yatsu huɗu aka ba Betts ita kyauta, tashoshi suka cika. Ta biyu, ƙwallo mai gudu ce ta ciki, wajen mil 92 a sa'a, daidai inda Freeman ke jira. Mutumin da ke ɗingishi da targaɗe a idon sawu tun ƙarshen Satumba ya aika ta cikin 'yan kallon dama. Aka tashi 6 da 3. A duk tarihin World Series ba a taɓa rufe wasa da bugun maki huɗu irin wannan ba sai a kanmu.

Bayan wasa ka ce haɗin Cortes da Ohtani ne ya kwanta maka, kuma ya yi ta jifa da kyau a atisaye cikin makonnin da suka wuce. Ka ce ko Hill ya sa Ohtani ya buga ta ƙasa, da wuya a fitar da mutum biyu lokaci guda saboda gudunsa, kuma Betts na dama zai yi wa Hill wuya. Na saurari bayanin nan da kyau, kuma ba shirme ba ne. Gaskiya ne Ohtani bai saba jin daɗin Cortes ba a haɗuwarsu ta baya. Sai dai haɗuwar nan 'yar kaɗan ce, kuma da Cortes mai lafiya aka yi ta, wanda ya san tun kwana huɗu cewa shi zai buɗe wasa, ya yi ɗumin hannunsa a tsanake, ya shiga fili babu kowa a kan tasha. Wanda ka kira a daren nan wani mutum ne daban. Atisaye da abokan wasa a fili babu kowa bai taɓa gaya wa koci yadda hannu zai yi a gaban mutum fiye da 50,000 suna ihu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana son sanin ko Cortes ya dawo, da sai ka gwada shi a wasan da tazara ta yi nisa, ko a zagaye na 6 babu kowa a kan tasha. Gwajinsa na farko bai kamata ya zama Ohtani da Betts da Freeman a zagaye na 10 ba. Matsalar Betts kuma da ka ce ita ta hana ka kiran Hill, ai a ƙarshe yatsu huɗu ne suka magance ta. Na yarda faɗuwar Verdugo ce ta buɗe wannan ƙofa, ba ka san za ta buɗe ba. Amma ko da ba ta buɗe ba, gara mini Hill mai lafiya a gaban Betts da Cortes mai jinya a gaban kowa.

Akwai ma tambayar da ta riga wannan. Luke Weaver, mai rufe maka wasa, ya shigo a zagaye na 8 ya fitar da mutum biyar da jifar da ba ta kai 20 ba. Da muka ci a zagaye na 10, me ya hana ya koma ya ƙarasa? In amsar ita ce ana tanadinsa don gobe, to goben ta zo mun sake shan kashi, muka dawo Bronx ana bin mu wasa biyu.

Da abin a daren nan kaɗai ya tsaya, da na ce tsautsayi ne na yi shiru. Bai tsaya nan ba. A kakar 2024 Clay Holmes ya zubar da nasarar da aka damƙa masa sau 13. Tun watan Yuli kowa ke gani ƙwallonsa mai nutsewa ta daina zuwa inda yake so, kai kuwa kullum bayan wasa sai ka ce jifarsa na da kyau, sa'a ce ba ta zo ba. Sai da Wyatt Langford ya buga masa ta maki huɗu a Texas ranar 3 ga Satumba sannan ka sauya, ka ba Weaver, kuma Weaver ya riƙe har Oktoba. Holmes ɗin ma da ka mayar da shi zagaye na 7 da na 8 sai ya fi samun sukuni. Ashe da an yi canjin da wuri, da shi kansa an taimaka masa.

A 2025 aka sake kwatawa da Devin Williams, wanda ofishin ƙungiya ya karɓo daga Milwaukee aka ba da Cortes da Caleb Durbin. A nan ka yi saurin gani, zan faɗa: kafin Afrilu ya ƙare ka sauke shi daga rufe wasa, lokacin da matsakaicin makin da ake ci a hannunsa cikin zagaye 9 ya kai 11.25, 'yan kallo kuma suna ta kiran sunan Weaver. Amma a farkon Agusta, bayan an kawo maka David Bednar daga Pittsburgh da Camilo Doval daga San Francisco, sai ga Williams a wuri mafi zafi dare biyu a jere a Texas, kuma dare biyun muka kwana da ciwo. Daga baya ya dawo hayyacinsa, ya ƙare kaka da kyau, na ji daɗin haka. Wasannin da suka zube a tsakani kuwa ba su dawo ba. Mu da Toronto mun ƙare da nasara 94 kowannenmu, suka ɗauki kambun rukuni don sun fi mu cin haɗuwar da muka yi da su. Wasa ɗaya tak da aka riƙe a Agusta, da mu ne muka huta a matakin farko na wasannin fitar da gwani, kuma da a Bronx aka buɗe wasan da ya biyo baya.

Yanzu ka juya ka dubi yadda kake yi da masu buɗe wasa, a nan ne abin ya fi ɗaure mini kai. A wannan daren na Los Angeles, Cole ya yi zagaye 6 an ci shi maki ɗaya kacal, bai ba kowa tasha kyauta ba. Teoscar Hernández ya yi bugu ɗaya a farkon zagaye na 7, ka fito ka karɓi ƙwallo. Jifa 88 ya yi. Za ka ce gwiwar hannunsa ta hana shi wasa har tsakiyar Yuni, dole a lallaɓa shi. To, amma kwana biyar bayan nan wannan Cole ɗin ka bar shi ya yi jifa 108. Cire shi da wuri shi ya sa ka ƙone Holmes da Tommy Kahnle da Weaver kafin zagaye na 10, har ka wayi gari kana zaɓe tsakanin Cousins da mai jinya.

Ranar 30 ga Satumban 2025 kuma, wasan farko da Boston a wasannin fitar da gwani, Max Fried ya kai zagaye na 7 ba a ci shi ko ɗaya ba. Muna gaba da 1 da nema da bugun Volpe. Ya fitar da Jarren Duran, har ya riga shi zuwa tasha ta farko da gudu, alamar akwai sauran ƙarfi a jikinsa. Babu kowa a kan tasha, masu bugun ƙasan jeri ne ke tafe. Jifa 102. Ka fito ka karɓi ƙwallo daga hannun mutumin da ƙungiya ta ba dala miliyan 218 don irin wannan dare, wanda ya ci mana wasa 19 a kakar, ka miƙa wa Weaver. Shi kuwa Weaver ɗin 2025 ba na 2024 ba ne: tun da ya ji ciwo a cinya a watan Yuni bai koma daidai ba, Satumba ma ta yi masa nauyi. Ceddanne Rafaela ya ja shi jifa 11 ya samu tasha kyauta, Nick Sogard ya buga ta tasha biyu, Masataka Yoshida ya taso daga benci ya turo su gida. Mutum uku, bai fitar da ko ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren Alex Cora, kocin Boston a daren, ya naɗe hannu ya bar Garrett Crochet ya yi jifa 117. Kwana huɗu bayan haka a Toronto ka sake kiran Weaver wasa na kusa, ya sake fuskantar mutum uku bai fitar da ko ɗaya ba.

Na san lissafin da ke bayan cire mai buɗe wasa. Alƙaluma sun nuna in masu bugu suka ga mutum karo na uku a wasa ɗaya, sun riga sun karanci ƙwallonsa, shi kuma ya fara gajiya, don haka sabon hannu daga bulfen ya fi shi a mafi yawan lokuta. Ban musa ba. Fried ma ya ɗan yi fama a zagayen da suka gabata, ya ba da tasha kyauta har sau uku. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne kana auna mutane da mudu biyu, kamar ɗan kasuwar da ke da na saye daban, na sayarwa daban. In mai buɗe wasa ne, ko yana cikin ganiyarsa, takarda kake bi: jifa ta kai kaza, jeri ya zagayo karo na uku, sauka. Abin da idonka ke gani a daren ba ya shiga lissafi. In kuma ɗan bulfen ne da ka yarda da shi, sai ka ajiye takardar ka bi zuciya: na san shi, ya taɓa yi mana, jifarsa na da kyau. Makonni huɗu na shan duka ba sa shiga lissafi, kwana 37 na jinya ma haka. Da a ce takarda kake bi ko'ina, da Cortes bai fito ba, da Holmes ya sauka tun Agusta. Da a ce ido kake bi ko'ina, da Fried ya ƙarasa zagayensa. Ka zaɓi hanyar da kowane lokaci take kai ƙwallo hannun wanda ya fi rauni a daren.

Ba sai na ba ka labarin 16 ga Oktoban 2003 ba, kai ne ka rufe shi lokacin kana ɗan wasan Yankees. Boston na gaba da 5 da 2 a zagaye na 8, kocinsu Grady Little ya je tudu ya dubi Pedro Martínez da ya gaji, ya bar shi. Muka farke. Mariano Rivera ya riƙe zagaye uku, kai kuma ka buga jifar farko ta Tim Wakefield a zagaye na 11 ta tsallake katanga. Little bai sake horar da Boston ba. Sunanka a garin nan a kan kuskuren wani koci game da masu jifa aka gina shi, kuma wani lokaci nakan yi tunanin ko darasin daren nan ne ya kama ka da yawa, har kake ganin Pedro a jikin duk mai buɗe wasan da ya haura jifa 90. Amma ai tarihi ya hukunta ɗaya ɓangaren ma. Kevin Cash, kocin Tampa Bay, ya cire Blake Snell a wasa na 6 na World Series ta 2020 bayan jifa 73 kacal, ya sallami mutum 9 da jifarsa, bugu biyu kawai aka yi masa, kuma kafin zagayen ya ƙare Dodgers sun shiga gaba. Buck Showalter, kocin Baltimore a 2016, ya ajiye Zach Britton, wanda ya rufe wasa 47 cikin 47, yana tanadinsa har Edwin Encarnación ya tashi wasan a kan Ubaldo Jiménez. Shi kansa John Schneider, kocin Toronto da ya fitar da mu a 2025, a 2023 jama'ar Toronto sun kusa cinye shi ɗanye don ya cire José Berríos bayan jifa 47 a Minnesota. Babu wata doka guda da za ka laƙe ta cece ka, kuma ba ita nake nema ba.

Schneider ɗin nan shi ya zo Bronx ranar 8 ga Oktoba ba shi da mai buɗe wasa, ya jera mana masu jifa 8 ɗaya bayan ɗaya, suka riƙe mu a maki biyu. Bulfen ɗinsa bai fi naka manyan sunaye ba. Abin da na gani shi ne kowa ya shigo a inda ya dace da shi, kuma wanda ya fara tangaɗi ba a jira ya faɗi ba.

Wanda ya taɓa zama a kujerun bayan fili na ɓangaren dama a Yankee Stadium ya san daga can ana leƙa bulfen ɗinku. Waya ta yi ƙara, mutum ya cire rigar sanyi, ya fara jifa a hankali, sannan ya ƙara wuta har ka riƙa jin ƙarar ƙwallo a safar mai kamawa. Wani lokaci zagaye ya ƙare ba a kira shi ba, ya mayar da riga ya zauna. Bayan zagaye ɗaya waya ta sake ƙara, ya sake tashi. Jifar nan da ake yi a bulfen ba ta fitowa a takardar sakamako, amma hannu ya san da ita. Wannan ya sa ba na cikin masu cewa a kira wane kawai, kamar ana danna maɓalli. Akwai ranar da mutum ba ya samuwa, kai ka sani, kocin masu jifa Matt Blake ya sani, mu ba mu sani ba. To in haka ne, ka faɗa mana. Abin da ke ƙara wa magoya baya haushi shi ne zaman da kake yi gaban 'yan jarida bayan an zubar da wasa, kana cewa ka ga abubuwa masu kyau, komai na gabanmu, mun kusa juyawa. Ka yi shekaru a tashar talabijin ta ESPN kana sharhi kafin a ba ka aikin nan a ƙarshen 2017. Da wani koci ne ya ba ka irin wannan amsa a lokacin, da ba ka karɓa ba. Kare 'yan wasanka a bainar jama'a hali ne mai kyau, kuma na san shi ya sa suke son ka. Amma kana iya cewa shawarar tawa ce kuma ba ta yi ba, ba tare da ka tozarta kowa ba.

Wani kason maganar na Brian Cashman ne, babban manajan ƙungiya, wanda ya karɓi ofis tun 1998, don haka ina roƙon ka miƙa masa. Shi ya kawo Williams. Shi ya kawo Bednar da Doval da Jake Bird rana ɗaya a ƙarshen Yuli, washegari a Miami aka ci dukkansu uku muka faɗi 13 da 12, kuma cikin 'yan kwanaki aka tura Bird ƙaramar ƙungiya. Koci da abin da aka ba shi yake aiki. Sai dai a duk lokacin da aka tambaya, ofis cewa yake koci ne ke yanke shawara a fili, masu lissafi bayani kawai suke ba shi. In haka ne, to Cortes naka ne, Fried naka ne, kuma wasiƙar nan ta zo inda ya dace. In kuwa akwai tsarin da ake rubutawa tun da rana, a ce Fried ba zai wuce mutum kaza ba ko me ake ciki, to jama'ar da ke biyan kuɗin tikiti sun cancanci su san wa za su tuhuma. Hal Steinbrenner, mai ƙungiyar, ya tsawaita maka kwantiragi har ƙarshen 2027, saboda haka babu fargabar kora da za ta hana ka faɗin gaskiyar yadda abin yake.

Kuma na san kana iyawa, don na gani. Ranar 2 ga Oktoba, wasan raba gardama da Boston, ka bar Cam Schlittler, yaron da bai fi wata uku da hawowa babbar ƙungiya ba, ya yi zagaye 8 cur. Ya sallami mutum 12 da jifarsa, bai ba kowa tasha kyauta ba, ba a ci shi ko ɗaya ba. Jeri ya zagayo masa karo na uku, jifarsa ta haura 100, ka dube shi ka ga ƙwallo na nan da zafinta, ka zauna. Sannan Bednar ya rufe. Abin da ka yi wa Schlittler a daren nan shi muka so ka yi wa Fried kwana biyu kafin nan.

Ga abin da nake roƙo kafin a koma atisaye a Tampa a watan Fabrairun 2026. Cole zai dawo daga tiyatar gwiwar hannu da ta cinye masa 2025 gaba ɗaya, kuma za a sa masa iyakar jifa. Wannan daidai ne, amma a sanar da iyakar tun kafin wasa, don in ka fito karɓar ƙwallo mu san dalili. Fried da Carlos Rodón da Schlittler kuwa, in suna riƙe da wasa kuma babu kowa a kan tasha, a bar mai bugu ya nuna sun gaji kafin a sauke su. Duk wanda ya dawo daga jinya, komai girman sunansa, kada fitowarsa ta farko ta zama a wasan da maki ɗaya ya raba. Wanda aka ci sau biyu sau uku a jere a zagaye na 8 ko na 9, a mayar da shi zagayen da suka gabaci waɗannan na mako ɗaya ko biyu ya huta da nauyin, kamar yadda Holmes ya amfana, ba sai an jira Satumba ba. Bednar na nan har ƙarshen 2026, Hill kuma ya nuna abin da zai iya da bahagwai. In jerin abokan hamayya mafi haɗari ya zo a zagaye na 8, ka kira wanda ya fi kowa a lokacin, ko da sunansa mai rufe wasa, zagaye na 9 a nemi mai riƙe shi daga baya.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai goyon bayan Yankees daga Bronx, New York